Zaɓen Jami'a a Amurka Ga Mai Burin Zama Likita: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kuɗi da Suna

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga iyaye da ɗalibai, wasu mazauna Amurka, wasu kuma suna gida suna shirin tura yaro. Kuɗaɗen da aka ambata da dalar Amurka ne, kuma suna ɗan ƙaruwa kowace shekara.

Me ya sa ake maganar zaɓen jami'a daban, makarantar likitanci daban?

Domin a Amurka galibi ba a shiga karatun likita kai tsaye daga sakandare, kamar yadda ake shiga MBBS a Zariya ko Kano ko Sakkwato. Sai ɗalibi ya yi digirin farko na shekara 4 a kowane fanni, a cikinsa ya kammala darussan da makarantun likitanci ke buƙata. Wannan mataki shi ake ce wa premed, kuma a yawancin jami'o'i ba sashe ba ne mai zaman kansa, jerin darussa ne kawai: shekara guda ta bayoloji, shekara guda ta kimistiri, oganik kimistiri, bayokimistiri, shekara guda ta fiziks, duk da aikin ɗakin gwaje-gwaje, sai Turanci da lissafi ko ƙididdiga. Bayan nan ya zauna jarrabawar MCAT, wato jarrabawar neman shiga makarantar likitanci, ya sake neman gurbi daga tushe. Idan ya samu, shekara 4 a makarantar likitanci, sannan horon ƙwarewa a asibiti na shekara 3 zuwa 7 gwargwadon fanni.

Kenan jami'ar da yaro zai zaɓa yana ɗan shekara 18 ba ita za ta ba shi takardar likita ba. Aikinta ta kai shi bakin ƙofa da maki mai kyau, kuma ba tare da bashi ya riga ya karya masa wuya ba. Da wannan ma'auni za a auna ta.

Shin makarantun likitanci suna duba sunan jami'ar da mutum ya fito?

Suna dubawa, amma ba shi ne a gaba ba. Abu biyu ke buɗe fayil: matsakaicin maki, wato GPA, da sakamakon MCAT. Ana lissafin MCAT daga 472 zuwa 528, sassa huɗu ne, kowanne daga 118 zuwa 132. Waɗanda ke samun shiga makarantun da ke ba da digirin likita na MD matsakaicinsu yana wajen 511 zuwa 512, GPA ɗinsu kuma kusan 3.8 cikin 4.0. A kowace shekara mutum sama da 50,000 ke nema, kusan 23,000 ke shiga. Fiye da rabi ba sa samu ko'ina.

Alƙaluman ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, sun nuna cewa masu GPA sama da 3.79 da MCAT sama da 517, fiye da kashi 80 cikin ɗari suna samun gurbi. Kuma jami'o'in da suka fi fitar da masu nema ba Harvard ko Yale ba ne, manyan jami'o'in gwamnati ne irin su UCLA da Jami'ar Texas da ke Austin da Jami'ar Florida da ta Michigan. Ɗalibin jami'ar jiha mai 3.9 da 516 ya fi ɗalibin jami'a mai suna da ya fito da 3.4 da 509 damar samun wuri, kusan a kowace makaranta.

To suna ba shi da wani amfani ke nan?

Yana da shi, kuma bai dace a ɓoye ba. A manyan makarantun likitanci masu zaman kansu da suka fi ba bincike muhimmanci, irin su Harvard da Johns Hopkins da Stanford da Penn, kaso mai tsoka na ɗalibansu daga jami'o'i masu suna suka fito. Wani ɓangare na dalilin shi ne tun asali ɗalibai masu ƙarfi ne suka taru a can. Wani ɓangaren kuma gata ne na gaske: ɗakunan bincike masu kuɗi, asibiti a jikin jami'a, malaman da wasiƙarsu ke da nauyi, da ofishin ba da shawara da ya san 'yan kwamitin ɗaukar ɗalibai.

Wannan gata ya fi amfani ga wanda ke son zama likita mai bincike, ko mai neman shirin MD-PhD, wanda ke haɗa digirin likita da digiri na uku na bincike, ko wanda idonsa ke kan fannonin da ake turmutsutsu a kansu kamar tiyatar ƙwaƙwalwa da fata da tiyatar ƙashi. Tun Janairun 2022 da aka mayar da jarrabawar Step 1, matakin farko na jarrabawar lasisin likita a Amurka, ta zama ci ko faɗuwa ba tare da maki ba, sunan makarantar likitanci da yawan bincike sun ƙara nauyi wajen neman horon ƙwarewa. Amma a lura, sunan makarantar likitanci ne ake dubawa a wannan mataki. Da wuya asibiti ya damu da inda mutum ya yi digirin farko. Wanda burinsa ya zama likitan yara ko na mata ko na cututtukan manya ya duba marasa lafiya, ba ya buƙatar biyan dala 200,000 a kan wannan gata.

Nawa ne ainihin kuɗin?

Jami'a mai zaman kanta ta sahun gaba: kusan dala 85,000 zuwa 90,000 ko fiye a shekara, in an haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai. Jami'ar gwamnati ga ɗan jihar: kuɗin karatu kaɗai wajen dala 11,000 zuwa 12,000, in an haɗa da ɗaki da abinci da sauran buƙatu kusan 30,000. Ga wanda ba ɗan jihar ba, har da ɗalibin ƙasar waje, kuɗin karatun kan ninka kusan sau uku. Iyalan da ke Bronx da sauran unguwannin New York suna da CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin, inda ɗan jihar ke biyan dala 6,930 a shekara a kwalejojin digiri irin su City College da Hunter da Lehman, kuma yana iya kwana a gida.

Sai kuma babban kashi da ke jira a gaba. Shekara 4 a makarantar likitanci ta gwamnati ta haura dala 250,000, mai zaman kanta ta haura 350,000. Kusan kashi 70 cikin ɗari na masu kammalawa da bashi suke fita, matsakaicinsa wajen dala 200,000. Albashin shekarar farko ta horon ƙwarewa kuwa bai cika wuce dala 70,000 ba kafin a cire haraji. Neman gurbin shi kansa yana cin kuɗi: rajistar MCAT sama da dala 300, kuɗin AMCAS (tsarin da ake aika takardun nema ta cikinsa) na kowace makaranta, kuɗin fom na biyu da kowace makaranta ke aikowa, wanda kan kai dala 100. Mai neman makarantu 20 ya tanadi dubban daloli.

Kenan a guji jami'o'i masu suna saboda tsada?

A'a. Nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure mai ciwo, su hana yaro nema saboda sun ga farashin da aka rubuta a shafin jami'a. Jami'o'in da suka fi kowa dukiya su ne suka fi kowa ba da tallafi. Daga shekarar karatu ta 2025, Harvard da MIT ba sa karɓar kuɗin karatu daga iyalan da ke samun ƙasa da dala 200,000 a shekara, matuƙar ba su da wata dukiya ta daban mai yawa, kuma ga masu samun ƙasa da 100,000 har ɗaki da abinci kyauta ne. Ɗan direban tasi da ya samu shiga irin waɗannan wurare zai iya biyan ƙasa da abin da zai biya a jami'ar jiharsu. In haka ta faru babu wata muhawara, ya tafi.

Matsalar tana kan iyalai masu matsakaicin ƙarfi, waɗanda kuɗinsu ya yi yawa a ba su cikakken tallafi, ya kuma yi kaɗan su biya ba tare da bashi ba. Haka nan jami'o'in da ke da suna amma ba su da asusun da zai biya wa ɗalibi dukan buƙatarsa. Su ne ke aiko da takardar taya murna mai ɗauke da ragin dala 25,000, a bar iyaye da 60,000.

Yaya ake kwatanta takardun tallafi guda biyu?

Tun kafin a nema, a shiga shafin kowace jami'a a yi amfani da na'urar lissafin ainihin farashi, wadda doka ta wajabta wa jami'o'i sanyawa. A cika FAFSA, fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya, da CSS Profile, fom ɗin neman tallafin jami'a, ga jami'o'in da ke buƙatarsa. Idan takardun sun zo a watan Maris ko Afrilu, a ɗauki jimlar kuɗin shekara, a cire kyauta kaɗai, wato tallafin da ba a biya. Bashi ba tallafi ba ne ko da an jera shi a layi ɗaya da kyauta, kuma kuɗin aikin cikin jami'a sai an yi aikin ake samu. Abin da ya rage a ninka sau huɗu, a ƙara kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari kowace shekara saboda hauhawar farashi.

Sannan a karanta sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Tallafin hazaƙa yakan zo da sharaɗin riƙe wani GPA. In sharaɗin 3.0 ne, da sauƙi. In 3.5 ne, zango ɗaya mai wahala a oganik kimistiri ya isa ya tafi da shi, a wayi gari da cikakken farashi a shekara ta uku. A tambaya ko ana ba da zangon gyara kafin a janye. Kuma ana iya roƙon ƙari: a rubuta wa ofishin tallafi, a haɗa da takardar wata jami'a da ta ba da fiye, ko shaidar canjin hali kamar rasa aiki ko jinya. Masu aika kuɗi gida don kula da iyaye su bayyana hakan da rasit, domin fom ɗin ba shi da gurbinsa. Yawancin jami'o'i ranar 1 ga Mayu ce ranar ƙarshe ta ba da amsa.

Bashi nawa ne ya yi yawa a digirin farko?

Gwamnatin tarayya tana ba ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a ta uku da ta huɗu, jimla 27,000. Ra'ayinmu shi ne wannan ce iyaka ga mai shirin likitanci. Duk abin da ya wuce haka daga bankuna masu zaman kansu zai fito, ko iyaye su ɗauka da sunansu.

Ga misali don a ga girman abin. Jami'a ta ɗaya ta fi ta biyu tsada da dala 30,000 a shekara, jimla 120,000, kuma rance aka ci aka cike. In kuɗin ruwan kashi 8 ne, dala 9,600 ke hawa kowace shekara. Shekara 4 ta makarantar likitanci da 4 ta horo, an ƙara 76,800, ko da ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba. Bashin ya doshi 200,000 tun ba a taɓa lissafin makarantar likitancin ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Dokar da aka sanya wa hannu a Yulin 2025 ta ƙara tsananta lamarin. Daga 1 ga Yulin 2026, sabbin masu karɓar rance ba su da Grad PLUS, rancen gwamnati ga masu karatun gaba da digirin farko, wanda a da yake cike duk giɓin da ya rage. Ɗalibin likitanci zai iya karɓar dala 50,000 a shekara daga gwamnati, jimla 200,000, rancen iyaye kuma an tsayar da shi a 20,000 a shekara da 65,000 ga kowane yaro. Ragowar sai banki, banki kuwa yana duba bashin da ke kan mutum tun daga digirin farko.

Mu ba ma son rance mai riba. Akwai hanya?

Hanyar tana da ƙunci, amma ana iya rage nisa. Hukuncin addini na malamai ne, a tambaye su. Ta fuskar lissafi, iyalin da ke gudun riba su ne suka fi kowa buƙatar jami'a mai araha ko cikakken tallafi, domin duk dalar da aka adana a shekara huɗun farko ita za a kashe a huɗun biyu. Tallafin Pell, wanda ƙarshensa dala 7,395 ne a shekara, kyauta ne ga marasa ƙarfi. Akwai kuma nau'in rancen gwamnati ga masu buƙata wanda ruwa ba ya hawa kansa muddin ɗalibi yana makaranta.

A matakin likitanci akwai makarantun da ba a biyan kuɗin karatu: ta Jami'ar New York (NYU) tun 2018, Albert Einstein da ke Bronx tun 2024 bayan kyautar dala biliyan 1 daga Ruth Gottesman, da Johns Hopkins ga iyalan da ke samun ƙasa da dala 300,000. Sai dai shiga waɗannan ya fi shiga ko'ina wuya, kada a gina shiri a kansu.

Wata jami'a ta ce kashi 90 na ɗalibanta suna samun shiga makarantar likitanci. Mu yarda?

Ku yi tambaya tukuna. Wannan adadi ana iya gyara shi yadda ake so. A jami'o'i da yawa akwai kwamitin da ke rubuta wa ɗalibi wasiƙar shaida, kuma wasu ba sa rubuta wa wanda GPA ko MCAT ɗinsa bai kai wani mizani ba. Wanda aka hana wasiƙa ba ya cikin lissafi. Haka ɗaruruwan da suka fara shekarar farko da burin likitanci suka watse bayan kimistiri, su ma ba a ƙirga su.

Tambayoyin da za a yi wa ofishin: ɗalibai nawa suka fara, nawa suka kai ga nema? Kuna hana wani wasiƙa, da wane sharaɗi? Adadin ya haɗa da makarantun DO (wani nau'in digirin likita a Amurka) da na tsibiran Karibiyan, ko MD na Amurka kaɗai? Ya haɗa da waɗanda sai a karo na biyu ko na uku suka samu? Ofishin da ya amsa waɗannan a fili ya cancanci a amince masa ko da adadinsa 60 ne.

Idan jami'ar tana da wahalar ba da maki, ba za a yi wa ɗalibinta rangwame ba?

Rangwamen kaɗan ne, bai kai girman raunin ba. AMCAS tana lissafa GPA da ma'auni ɗaya ga kowa, tana kuma ware na kimiyya daban: bayoloji, kimistiri, fiziks da lissafi. Darasin da aka faɗi aka maimaita, duka makin biyu ake ƙirgawa, ko da jami'ar ta goge na farkon a takardarta.

Shekarar farko ita ce mai hatsari. Wanda ya gama ta da 3.0 a kan kiredit 30, kuma yana son 3.7 a ƙarshen shekara ta uku lokacin nema, sai ya samu 4.05 a shekara biyun da suka rage, abin da ba zai yiwu ba. Ko ya jira ya gama shekara huɗu, sai ya riƙe 3.93. Shi ya sa ya kamata a bincika yadda ake ba da maki a manyan azuzuwan kimiyya. Inda ake auna ɗalibi da 'yan ajinsu, a ƙayyade yawan masu A, to zama cikin aji da kowa ya zo na ɗaya a sakandarensa yana da tsada. Princeton ta taɓa ƙayyade A a kashi 35 cikin ɗari daga 2004, ta janye a 2014. Wannan ba kira ba ne a nemi jami'a mai sakaci, domin MCAT za ta tona asirin karatun da bai zauna ba. Abin nema shi ne wurin da ɗalibi zai kasance cikin na gaba a aji, kuma ana koyarwa da gaske.

Bayan kuɗi da maki, me kuma za a duba?

Asibiti kusa. Makarantun likitanci suna son ganin ɗalibi ya yi hulɗa da marasa lafiya na tsawon lokaci, ya bi likitoci yana kallon aikinsu, ya yi aikin sa kai cikin al'umma. Kwalejin da ke ƙauye mai nisa da asibiti, ɗalibi kuma ba shi da mota, za ta wahalar da shi. Sai damar bincike: a babbar jami'a ɗakunan gwaji suna da yawa amma ɗaliban digiri na uku sun cika su, a ƙaramar kwaleji kaɗan ne amma malami da kansa zai koya maka. Sai girman aji, domin ana buƙatar wasiƙu daga malaman kimiyya, galibi biyu, kuma malamin da ke da ɗalibai 400 ba zai iya rubuta komai a kanka ba sai in ka riƙa zuwa ofishinsa.

Kada a raina zaman rayuwa. Masallaci ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi, abincin halal, ɗan'uwa da za a je wurinsa hutu, sanyin da yaro bai saba da shi ba. Ɗalibin da kaɗaici ya kama a zangon farko, a makinsa ake fara gani.

Dole ne a karanta bayoloji?

Ba dole ba ne. Kowane fanni ya yi, in dai an kammala darussan da aka lissafa. A zaɓi wanda ake so, ake iya cin maki a cikinsa, kuma zai ba da aiki in likitancin bai yiwu ba. Injiniyanci yana ba da aiki amma yana cin GPA.

Ɗana yana Najeriya, ba shi da takardar zama a Amurka. Duk wannan ya shafe shi?

Nasa lissafin daban ne, kuma wannan ita ce amsar da ta fi muhimmanci a shafin nan. Daga cikin makarantun MD sama da 150, 'yan gomomi ne kaɗai ke karɓar takardar wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da katin zama na dindindin. Waɗanda ke shiga a shekara ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma da yawansu 'yan Kanada ne. Yawancin makarantun gwamnati a rufe suke gare shi. Ba shi da rancen gwamnatin tarayya, ba shi da Pell. Makarantun da suka ɗauke shi sukan nemi ya nuna, ko ya ajiye a asusu na musamman, kuɗin shekara ɗaya zuwa huɗu kafin ya fara.

Ga irin wannan ɗalibi, suna ya fi nauyi fiye da yadda yake ga ɗan ƙasa, domin makarantun da ke ɗaukar baƙi kuma su ba su tallafi galibi manyan masu zaman kansu ne. A matakin digirin farko, jami'o'in da ba sa duba aljihun ɗalibin waje wajen ɗauka kuma suke biyan dukan buƙatarsa kaɗan ne: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth, Bowdoin, Brown da wasu 'yan ƙalilan. Kwalejin Berea da ke Kentucky ba ta karɓar kuɗin karatu, amma gurbin baƙi kaɗan ne. Bizar ɗalibai ta F-1 kuma ta taƙaita aiki ga awa 20 a mako a cikin jami'a lokacin karatu, don haka aikin asibiti na albashi da 'yan ƙasa ke tara ƙwarewa da shi ba zai samu cikin sauƙi ba. Dokokin bizar ma suna canjawa: a 2025 an taƙaita shigar 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan. A tuntuɓi ofishin EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja ko Legas a ji halin da ake ciki kafin a biya kuɗin fom ko ɗaya.

Shawararmu a fili: kada a sayar da gida ko gona a biya cikakken farashi a wata matsakaiciyar jami'ar Amurka da niyyar yaro ya zama likita a can. Yana iya yin komai daidai ya gama da 3.9, ƙofar ta ƙi buɗuwa saboda fasfo.

To ina mafita ga wanda ke gida?

Ya yi MBBS a gida, a ABU ko Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Maiduguri ko wata jami'a da aka amince da ita. Bayan ya gama, in yana son Amurka, ya nemi shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ya ci jarrabawar lasisin likita ta USMLE, ya shiga neman gurbin horon ƙwarewa. Fiye da rabin likitocin waje da ke kaiwa matakin ƙarshe na neman suna samu, akasari a fannin cututtukan manya da likitancin iyali da na yara. Wannan ce hanyar da mafi yawan likitocin Najeriya da ke aiki a Amurka suka bi, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na waccan ba. A tabbatar makarantar tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya tare da alamar amincewar ECFMG.

Abin da ba ya aiki shi ne a yi digirin kimiyya a gida a nemi makarantar likitanci ta Amurka da shi kai tsaye. Yawancinsu sai an yi darussan share fagen a jami'ar Amurka ko Kanada.

Shirye-shiryen da ke haɗa digiri da likitanci tun daga sakandare fa?

Akwai su: PLME na Brown shekara 8, na Jami'ar Missouri da ke Kansas City shekara 6, da Sophie Davis na CUNY. Mount Sinai kuma tana da FlexMed, wanda ake nema a shekara ta biyu ta jami'a ba tare da MCAT ba. Kwanciyar hankalin da suke bayarwa babba ce, ya isa a fifita su a kan jami'a mafi suna. A karanta sharuɗɗan: wane GPA za a riƙe, ana buƙatar MCAT ko a'a, kuma in ɗalibi ya nemi wata makaranta zai rasa gurbinsa ko a'a. Kaɗan ne daga cikinsu ke karɓar ɗaliban waje.

Farawa a kwalejin shekara biyu don rage kuɗi laifi ne?

Ba laifi ba ne, likitoci da yawa ta nan suka bi. Wasu makarantun likitanci dai suna ɗaga gira in dukan darussan kimiyya a can aka yi su. Maganinsa, bayan an koma jami'ar shekara huɗu a ɗauki manyan darussan kimiyya kamar bayokimistiri da ilimin ƙwayoyin gado a ci su da kyau. A tabbatar tun farko jami'ar za ta karɓi kiredit ɗin, kuma a sani makin can ma yana cikin GPA ɗin AMCAS.

Jami'o'in baƙar fata na tarihi suna da amfani a nan?

Sosai. Xavier da ke New Orleans, ƙaramar jami'a ce, amma ta daɗe cikin sahun farko wajen tura baƙaƙen fata makarantun likitanci, tare da Howard da Spelman. Sirrinsu tsari ne: ana bin ɗalibi tun shekarar farko, ana gyara rauni da wuri maimakon a tace shi a zubar. Howard da Meharry da Morehouse da Charles Drew suna da makarantun likitanci. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, irin wannan kulawa ta ƙara daraja. Sai dai asusunsu bai kai na manyan jami'o'i ba, a lissafa farashin da kyau.

Jihar da muke zaune tana da tasiri?

Tana da shi, babba ma. Makarantun likitanci na gwamnati 'yan jiharsu suke fifitawa. A Texas doka ta ware kashi 90 na gurabe ga 'yan jihar, kuɗin karatunsu yana cikin mafi araha a ƙasar, kuma suna da nasu tsarin nema, TMDSAS. Zuwa jami'a a wata jiha ba ya mayar da ɗalibi ɗan can, galibi adireshin iyaye ake bi. Iyalin da ke shirin ƙaura yayin da yaro ke jami'a su duba wannan kafin su tashi.

Mu nemi gurbi ta Early Decision?

In kuɗi abin damuwa ne, a yi hattara. Wannan tsari alƙawari ne: an ɗauke ka, dole ka je ka janye sauran takardunka, ba za ka ga tayin wasu ba balle ka kwatanta. Ana iya fita in tallafin bai isa ba, amma lokacin an riga an makara a wasu wuraren. Early Action, wanda shi ma neman gurbi ne da wuri, ba ya ɗaure kowa, shi ya fi dacewa da mai son auna farashi.

In yaron ya canja ra'ayi a tsakiya fa?

Hakan na faruwa ga da yawa daga masu farawa, wasu saboda maki, wasu saboda sun ga abin da ya fi dacewa da su. A nan jami'a mai suna takan biya kuɗinta, musamman a harkar banki da kamfanonin ba da shawara da fasaha, inda ake zuwa har cikin jami'a ɗaukar ma'aikata. Amma mai bashin dala 150,000 ba shi da sararin zaɓe, duk aikin da ya fi albashi shi zai kama. A duba ko jami'ar tana da ƙarfi a wasu fannoni biyu da yaron ke sha'awa, ko canja fanni yana da sauƙi, kuma ko tallafin zai bi shi in ya canja. Wasu tallafin a ɗaure suke da sashe ɗaya, ana barin sashen suke tsayawa, don haka a nemi amsar wannan a rubuce daga ofishin tallafi kafin a biya kuɗin kama gurbi.